Kashe Makunni Bai Isa Ba: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Haɗa Sabuwar Fitilar Silin

Shekaru kaɗan da suka wuce, fitilar ɗaki ba ta wuce ƙwai guda da ke reto a jikin waya daga tsakiyar silin ba. Yanzu abin ya canja. Duk wanda ya zaga layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari da ke Kano, ko ya leƙa shafukan sayayya irin su Jumia da AliExpress, zai ga fitilun LED kala-kala: masu faɗi kamar faranti, masu nutsewa cikin silin na POP, masu canja launi da rimot, har da waɗanda ake kunnawa daga wayar hannu. Bidiyon yadda ake haɗa su kuma ya cika YouTube da TikTok. Shi ya sa matasa da dama ke ganin babu dalilin biyan mai gyaran wuta a kan aikin da bai wuce ɗaura wayoyi biyu ko uku ba.

Gaskiya ne aikin ba shi da wuyar koyo. Sai dai akwai abin da bidiyon minti ɗaya ba ya tsayawa ya bayyana: wayar da ke cikin silin tana iya kasancewa da wuta ko da an kashe makunnin bango, kuma tana iya samun wuta farat ɗaya ko da unguwar duka tana cikin duhu. Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya da Nijar da Gana tana da ƙarfin bolt 220 zuwa 240, kuma adadin da zai ratsa ƙirjin mutum ya rikita bugun zuciyarsa bai kai abin da ƙwan fitila na tsohon yayi yake ja ba. Ga kuma tsani. Wanda wuta ta ja yana sama, faɗowar kaɗai ta isa ta karya shi.

Wayoyi uku da aikin kowace

A yawancin gidaje, wayoyi biyu ko uku ne ke saukowa wurin fitila. Ta farko ita ce mai kawo wuta, wadda masu gyara ke kira layif, a jikin kayan wuta kuma ana yi mata alama da harafin L. Ta biyu ita ce nutiral, mai harafin N, wadda wutar ke bi ta koma bayan ta ratsa fitilar. Ta uku ita ce wayar ƙasa, mai harafin E. Ita wannan ba ta ɗaukar wuta idan komai lafiya. Amfaninta yana zuwa ne ranar da layif ta kuɓuce ta taɓa jikin fitilar na ƙarfe: sai wutar ta bi ta cikinta, bireka ta faɗi, maimakon ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran hannun wanda zai zo goge ƙura.

Ƙa'idar makunni kuwa ita ce ya zauna a kan layif. Idan haka aka haɗa shi, kashe shi yana tare wuta tun daga bango. Idan kuwa a kan nutiral aka ɗora shi, fitila za ta mutu kamar yadda aka saba, babu wanda zai ga bambanci, amma wutar ta riga ta iso silin.

Launin waya na iya yaudara

Najeriya ta gaji tsarin wayoyin wuta daga Birtaniya, shi ya sa a gidaje da yawa ja ce layif, baƙa ce nutiral, koriya kuma wayar ƙasa. Tsakanin 2004 da 2006 Birtaniya ta koma launukan da sauran ƙasashen Turai ke amfani da su: ruwan ƙasa ga layif, shuɗi ga nutiral, kore mai ratsin rawaya ga wayar ƙasa. Waɗannan launukan ne ake gani a jikin fitilu da dama da ake shigowa da su, kuma a Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, shuɗiya ce nutiral.

A nan ne bidiyon intanet ke iya jefa mutum cikin haɗari. A Amurka baƙar waya ce mai wuta, fara ce nutiral, ƙarfin wutar gidajensu kuma bolt 120 ne. Matashin da ya kalli wani Ba'amurke yana gargaɗi a kan baƙar waya, ya ɗaga kai ya dubi silin ɗakinsa a Zariya, zai iya zuba ido a kan baƙa ya saki jiki da ja, alhali ja ce mai kisa a nan.

Ko a tsarin gida ma launi ba hujja ba ne. Akwai masu gyaran da idan jar waya ta ƙare musu sai su ƙarasa aikin da duk wadda ta rage. Akwai kuma wayar da ke dawowa daga makunni: sau da yawa baƙa ce ko shuɗiya, amma wuta take ɗauke da ita duk lokacin da aka kunna. Ƙa'ida ta ce a naɗa mata jan tef don a gane ta, sai dai ba kowa ke yi ba.

Hanyoyin da wuta ke zagaye makunni

Hanya ta farko ita ce wadda aka ambata, wato makunnin da aka ɗora a kan nutiral. Fitilar LED takan tona wannan asirin. Idan aka kashe ta da dare amma ta ci gaba da ɗan haske dishi-dishi, ko tana ƙiftawa lokaci-lokaci, juya wayoyin makunni na daga cikin abubuwan da ke jawo haka. Ƙwan da, mai zaren ƙarfe a ciki, ba ya nuna wannan alamar, don haka gida na iya shekara ashirin da kuskuren babu wanda ya lura.

Hanya ta biyu ita ce yadda ake rarraba wuta daga ɗaki zuwa ɗaki. A wasu gidaje wayar da ta taso daga akwatin wuta tana yada zango a wurin fitilar falo, daga nan ta wuce ɗaki na gaba. Wanda ya buɗe murfi ya tarar da wayoyi shida ko fiye, da wani ƙulli na jajayen wayoyi da ba su shiga fitilar ba, to ya sani wannan ƙullin yana da wuta dare da rana, makunnin ɗakin bai da iko a kansa.

Hanya ta uku ta fi shafar gidajen wannan yanki, inda wuta ke shigowa ta ƙofa fiye da ɗaya. Akwai wutar NEPA, sunan da har yanzu ake kiran ta da shi duk da cewa tun 2013 kamfanoni irin su KEDCO da Kaduna Electric da AEDC ke rarraba ta. Akwai janareta, akwai inbata da batirin sola, a wasu unguwannin Kano har da wutar maja, wato janaretan haya da ke ba gidaje da shaguna wuta. Fitilu ne abu na farko da ake ɗorawa a kan inbata, saboda haka sauke babbar bireka ta NEPA ba lallai ya kashe layinsu ba.

Mafi haɗari a cikin duka shi ne tunanin cewa tunda an ɗauke wuta, bari a yi sauri a gama kafin a dawo da ita. Babu kamfanin da ke sanarwa kafin ya maido da wuta, kuma ƙanin mutum na iya tayar da janareta a bayan gida ba tare da ya san yayansa na kan tsani ba. Hasali ma lokacin da ake da wuta ya fi dacewa da fara aikin, domin a lokacin ne za a iya kunna fitilar, a sauke bireka, a ga ta mutu da ido, a tabbatar an sauke wadda ta dace.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Tunda makunni da launi da ɗaukewar wuta duk ba abin dogaro ba ne, abin da ya rage shi ne gwaji. Tasta mai kama da sukudireba, mai ɗan haske a cikinta, ita ce ta fi yawa a gidaje, amma tana da rauni. Haskenta yana da wuyar gani da rana, kuma yakan yi sanyi idan mutum na tsaye a kan katako da takalmin roba. Akwai wadda ke ƙara da zarar ta kusanci waya mai wuta, ita kuma batirinta na iya mutuwa ba a sani ba. Maltimita ta fi su tabbas: a juya ta zuwa ma'aunin wutar gida, inda aka rubuta 600 ko 750 kusa da harafin V mai alamar igiya, a gwada tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta. Ya kamata ta nuna sifili ko kusa da shi.

Kowace iri ake da ita, ƙwararru suna bin mataki uku. A fara gwada ta a soket ɗin da aka san yana da wuta, a ga tana aiki. Sannan a gwada wayoyin silin ɗaya bayan ɗaya. Sannan a sake komawa soket ɗin farko, a tabbatar ba ta lalace a tsakani ba.

Yadda aikin yake tafiya

Wannan bayani ya shafi canja tsohuwar fitila da sabuwa a wurin da waya ta riga ta iso. Kayan da ake buƙata su ne tasta, sukudireba mai hannun roba, filaya, kwanekta mai sukuru, baƙin tef da tsani mai ƙarfi. Kujerar roba ko bokitin da aka kife ba tsani ba ne. Ya kamata kuma a samu mutum na biyu da zai riƙe tsani ya miƙa kaya.

1. A kunna fitilar, a je akwatin wuta a sauke bireka har a ga ta mutu. Idan ƙwan ya riga ya ƙone ko babu wuta a lokacin, a sauke babbar bireka, a mayar da canjoba tsakiya, a kashe inbata. A manna tef a kan birekar, a kuma gaya wa mutanen gida kada wanda ya taɓa.

2. A buɗe murfin fitilar a hankali, a gwada kowace waya kafin yatsa ya taɓa ta.

3. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar hannu kafin a kwance sukuru ko ɗaya. Idan launinsu iri ɗaya ne, a naɗa wa kowace alama da tef. Wannan hoton ne zai yi ceto idan kai ya ɗaure daga baya.

4. A kwance wayoyin da suka shiga tsohuwar fitila kawai. Ƙullin da ba ya shiga fitila a bar shi yadda aka same shi, domin warware shi na iya kashe wutar sauran ɗakuna.

5. A kafa ƙarfen da zai riƙe sabuwar fitila. Kada a bar nauyinta a kan wayoyi ko na ɗan lokaci.

6. A feƙe bakin kowace waya kamar santimita ɗaya, a murɗe zarenta wuri guda, a zura cikin kwanekta, a ɗaure sukuru sosai, sannan a ɗan ja ta a ji ko za ta fita. L da L, N da N, wayar ƙasa kuma a jikin ƙarfen fitilar inda aka tanadar mata. Kada jan ƙarfe ya leƙo waje. Idan mazaunin ƙwai mai murɗawa ne, layif tana tafiya ga ɗan ƙarfen tsakiya, nutiral kuma ga zoben gefe, wanda yatsa ke iya taɓawa wajen canja ƙwai.

7. A rufe murfi ba tare da an matse waya ba, a ɗaga bireka, a kunna. Idan birekar ta faɗi nan take, ko aka ji ƙauri, a bar ta a sauke. Sake ɗaga ta da ƙarfi ba ya gyara komai.

Fitilun LED masu faɗi suna zuwa da wani ɗan akwati da ake kira direba, wanda ke mayar da wutar gida irin wadda ƙwayoyin hasken ke iya ɗauka. Yana da ɓangare biyu: na shigar wuta, mai alamar L da N, da na fita zuwa fitilar, mai alamar tarawa da ta ragewa. Wanda ya haɗa wutar gida da ɓangaren fita zai ƙona fitilar tun kunnawar farko.

Ƙullin da ke jawo gobara

Al'adar murɗe waya da waya a naɗe da baƙin tef ta zama ruwan dare, kuma tana aiki a ranar farko. Matsalar tana zuwa daga baya. Ƙullin da bai kama sosai ba yana ɗumi duk lokacin da wuta ke ratsa shi, ɗumin yana sassauta tef, tef yana zamewa, wayar ta fara tartsatsi. Wannan kuwa yana faruwa ne a saman silin, ƙarƙashin kwano mai zafi, tsakanin busasshen katako da ƙura da shekar ɓera, wurin da babu mai gani sai hayaƙi ya fito. Kwanekta mai sukuru ba ta da tsada, kuma ita ce ke hana wannan.

Ingancin wayar ma abin dubawa ne. Layin fitilu yawanci da waya mai kaurin 1.5mm ake yin sa. A kasuwa akwai jabu, wadda alminiyam ce aka shafa mata ruwan jan ƙarfe. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, to ita ce. Irin wannan ta fi saurin zafi, ta fi saurin karyewa a ƙarƙashin sukuru. Araha dai ba ta ado.

Sai batun nauyi. Silin na POP ko na roba ko na kwali ba ya riƙe fitila mai nauyi da kansa, sai an nemo katakon da ke bayansa an kafa sukuru a ciki. A dakin kankare ana huda rami a sa fisha, amma kada a huda dab da inda waya ta fito, domin bututun da ta biyo yana nan kusa. Tsofaffin gidaje da yawa kuma silin asbestos gare su, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu, don haka ba a son a huda shi ko a goge shi barkatai.

Abin da za a karanta a jikin kwali

Abu na farko shi ne ƙarfin wutar da fitilar ke karɓa. Wadda aka rubuta wa 110V ko 120V kaɗai don kasuwar Amurka aka yi ta, za ta ƙone a nan. Mai 220–240V ta dace. Mai 85–265V kuwa ta fi jure wa wutar da ke hawa da sauka.

Na biyu shi ne haske. Wat yana nuna abin da fitila ke sha ne, lumen kuma hasken da take bayarwa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED mai wat 9 ma haka. Idan kowanne ya yi awa 6 a rana tsawon kwana 30, tsohon zai sha yunit 10.8, LED kuma kusan 1.6. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa masu rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan na nufin kusan naira 2,400 a gefe guda da kusan naira 365 a ɗaya gefen, a kan ƙwai ɗaya tak. Ga mai amfani da batirin sola, bambancin shi ne ko fitila za ta kai asuba. Wannan ci gaba ya samo asali ne daga shuɗin LED da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ƙirƙiro, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014.

Na uku shi ne launin haske, wanda ake rubutawa da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K haskenta ja-ja ne mai sanyin ido, ya dace da ɗakin kwana. Mai 6500K fari ne tas, irin na shago da kicin. Fitilar banɗaki ko baranda kuma a nemi mai alamar IP44 ko sama, wadda aka yi don jure feshin ruwa. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya kunna ta, a haska ta da kyamarar waya. Idan baƙaƙen ratsi na gudu a fuskar wayar, fitilar tana ƙifta ne da saurin da ido ba ya kamawa, alamar direbanta ba mai inganci ba ne.

Fitilu masu haɗuwa da waya

Ƙwai mai wayo, irin na Philips Hue ko waɗanda ke aiki da manhajar Smart Life, ba ya buƙatar a taɓa waya ko ɗaya, a mazaunin tsohon ƙwai yake zama. Abin lura kawai shi ne ko mazaunin mai murɗawa ne, wato E27, ko mai fil biyu, wato B22. Yawancin masu amfani da Wi-Fi a kan zangon 2.4GHz kaɗai suke haɗuwa, kuma sai an bar makunnin bango a kunne manhaja ke iya sarrafa su. Da yawansu suna kama kansu da zarar wuta ta dawo, ko da ƙarfe biyun dare ne, amma wasu manhajojin suna da wurin saita yadda ƙwan zai kasance bayan ɗaukewar wuta.

Makunni mai wayo shi ne mai sarƙaƙiya. Yawancinsu suna buƙatar nutiral a cikin ramin bango, gidaje da yawa kuma ba a kai ta can ba. Wasu sukan yi dabarar amfani da wayar ƙasa a madadinta. Wannan ganganci ne, domin yana ɗora wuta a kan wayar da aka ajiye don kariya.

Inda aikin ya wuce na gida

Akwai alamomin da ke cewa a sauko daga tsani a kira gwani: waya ta yi baƙi ko robarta tana farfashewa, tasta ta nuna wuta bayan an sauke bireka, fitilar ta ƙarfe ce amma babu wayar ƙasa a silin, makunni biyu ke sarrafa fitila ɗaya, ko ana son jan sabon layi zuwa inda babu. Mai zama a gidan haya kuma ya fara neman izinin mai gida. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan tsautsayi ya faru wuta ta kama wani, ba a taɓa shi da hannu. A kashe wuta daga akwati, idan babu hali a ture shi daga wayar da busasshen katako, a kira lambar gaggawa ta 112 a Najeriya, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin illar da wuta ke yi wa zuciya ba kullum take bayyana nan take ba.

A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma babu laifi a nemi ganinta kafin a ba mutum aiki. Idan ya zo, yana da kyau a roƙe shi ya duba abu biyu bayan fitilar: ko makunnan gidan a kan layif suke, da kuma ko akwatin wuta yana da birekar kare rai, wadda ake kira RCD mai alamar 30mA. Ita ce ke katse wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara bi ta jikin mutum, kuma tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta da ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci don a tabbatar tana aiki.